Sirdin da Aka Ce Ba Shi da Mai Shi

“Nana... Nana, lafiya?”

Shireen ta ji yatsun tsohuwar sun nutse a damtsenta kamar za su huda rigar sanyinta.

Idon kakarta, Nana Beryl, yana kafe a wuri ɗaya.

Tsaye take ƙyam a gaban wani dogon akwatin gilashi, a saman bene na gidan tarihin jiha da ke tsakiyar Adelaide. Sandarta ta zame ta faɗi, ƙararta ta cika ɗakin, amma ko waiwayawa ba ta yi ba.

Ba wani abin a zo a gani ba ne a cikin akwatin. Tsohon sirdin raƙumi ne, irin na ɗaukar kaya, na tsumman buhu da aka cusa wa ciyawa, itatuwansa sun yi baƙi don tsufa. A gefensa na hagu akwai wani ɗan facin koren ƙyalle mai fararen furanni, bai wuce tafin hannu ba.

“Rigata ce,” in ji Nana a hankali.

“Wace riga, Nana?”

“Wancan koren. Rigata ce ta zuwa makaranta. Mamata ce ta yanki bakinta ta toshe wurin, ina tsaye ina kuka... Shireen, sirdin babana ne!”

Hamish, wanda ya sunkuya ya ɗauko sandar, ya daskare a durƙushe.

Yau ce rana ta farko da ya haɗu da Nana. Ita ta raini Shireen tun rasuwar iyayenta, kuma tafiyar yini guda ta yi daga Marree don ta ga saurayin da jikarta ta ce shi za ta aura in bazara ta shigo. Tun safe komai yake tafiya daidai. Ya kawo mata furanni, ta ce ya cika tsawo kamar falwaya, suka yi dariya. Sun zaga ɗakin tsuntsaye, sun ga duwatsun da suka faɗo daga sama, har Nana ta tsaya gaban ƙwarangwal ɗin wata ƙatuwar dabbar zamanin da tana cewa ta yi kama da mijinta marigayi in ya tashi daga barci.

Prue ce ta matsa a hau sama.

Prue ’yar maƙwabtan su Hamish ce, tare suka tashi, kuma duk ranar Asabar takan zo ta yi wa baƙi jagora a gidan tarihin. Ita ta kira Shireen da kanta ta ce lallai a kawo Nana, akwai abin da za ta so gani.

“Karanta min abin da suka rubuta,” in ji Nana. “Idona ba ya kai wa.”

Shireen ta matsa kusa da ɗan kwalin bayanin.

“Sirdin kaya na raƙumi, daga arewa mai nisa. Ba a san mai shi ba. Kyauta daga iyalan... Penhale.”

Numfashin Nana ya tsaya.

“Penhale,” ta maimaita, kamar mai tofar da ɗaci.

“Lah!” Prue ta dafa ƙirji, murmushi ɗauke a fuskarta. “Ai kuwa abin ya yi daɗi. Penhale fa dangin mamarka ne, ko Hamish? Sunan gidansu ke nan kafin ta yi aure. Kun ga ashe tun tuni akwai zumunci a tsakani!”



Nana ta juyo ta dubi Hamish tun daga sama har ƙasa, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya shigo gida ba sallama. Ta miƙa hannu ta karɓi sandarta ba tare da yatsanta ya taɓa nasa ba.

“Kai jinin Penhale ne?”

“E, Nana.”

“Misis Wahab,” ta gyara masa. “Shireen, kai ni gida.”

*

Sai da Shireen ta zaunar da Nana a mota ta rufe ƙofa, sannan ta dawo inda Hamish yake tsaye a kan ciyawa, ƙarƙashin bishiyoyin da ganyensu ya fara ja.

Ba ta ɗaga murya ba. Shireen malamar ’yan aji biyu ce, ta daɗe da sanin cewa ihu ba ya fito da gaskiya.

“Ka sani?”

“Shireen, masoyiyata, bari in...”

“Tambaya ɗaya na yi maka. Ka sani?”

Ya sunkuyar da kai.

“Na sani.”

Ta lumshe ido. Ta so ƙwarai ya ce a’a.

“Tun yaushe?”

“Tun ranar da kika ci abinci a gidanmu. Kin tuna kin ba da labarin baban Nana, kika ambaci sunansa, Goolzar? Bayan kin tafi Mama ta faɗa min. Prue tana kicin tana wanke kwanuka, ashe kunnenta yana wajenmu.”

Ta tuna daren. Ta tuna yadda mahaifiyarsa, Judith, ta ajiye cokali, daga nan ba ta ƙara dubanta ido cikin ido ba. A lokacin ta ɗauka ko don ita ba ’yar manyan unguwa ba ce.

“Me mamarka ta ce?”

“Ta ce in rabu da ke salin alin tun kafin maganar ta fito. Na ce ba zan iya ba.”

“Amma ka iya yin shiru.”

“Tsoro na ji, Shireen! Kullum sai in ce gobe zan faɗa miki. In na gan ki kina dariya sai bakina ya mutu. Ko da Prue ta ce a hau sama, na yi zaton Nana ba za ta gane sirdin ba...”

“Ka bar tsohuwa ta je ta ci karo da shi a gaban mutane.”

“Rabin raina, don Allah...”

“Kada ka kira ni haka yau.”

Ta zare zoben da ke yatsanta. Ba ta jefar ba, ba ta kuma miƙa masa ba. Aljihun rigarta ta saka shi, ta juya.

*

Da yamma Nana ta ƙi cin komai, shayi kawai ta karɓa. Suna zaune a ɗan kicin ɗin Shireen, rana tana shigowa ta taga, ta fara magana ba tare da an tambaye ta ba.

“Babana, kin san shi a hoto kawai, da rawaninsa da gemunsa. Ni na san warin hannunsa. Yaro ne ƙarami ya baro ƙasarsu a jirgin ruwa da raƙuma. Duk gandun tumakin da ke arewa, babu wanda bai kai wa gari da sukari da wayar shinge ba, ya dawo musu da ulu zuwa tashar jirgi. Da motoci suka zo kowa ya saki raƙumansa a daji. Shi ya ƙi. Ya ce ba a sakin ’ya’ya.”

Ta juya kofin a hannunta.

“Shekarar babban fari, ina ’yar ƙarama, ya yada zango kusa da rijiyar Penhale. Dabbobi sun kwana biyu ba ruwa, suka ji ƙamshinsa, suka karya shinge. Da gari ya waye tsoho Penhale ya fito da bindiga.”

“Nana...”

“Duka ya harbe su, ’yar nan. Har Moti, babbar taguwarsa, wadda nake hawa. Bai bar ko ɗaya ba. Ya ce doka ta ba shi dama, kuma gaskiya ne, ta ba shi.”

Shireen ta kama hannunta.

“Da ƙafa babana ya dawo gida, akala kawai a hannunsa. Mama ta ce ina sirdin? Ya ce sirdi ba raƙumi, me zai yi da shi? Daga ranar bai sake fita ayari ba. Daga gida sai masallacin nan na laka, daga masallaci sai gida, har ya bar duniya. Yau kuma in zo in tarar an sa masa fitila, an ce wai ba a san mai shi ba!”

Hawaye ya gangaro mata, ta share da bayan hannu cikin fushi.

“Hamish bai harbi kowa ba, Nana. Aikinsa ma warkar da dabbobi ne.”

“Na sani. Yaron yana da hankali, har ya fara shiga raina. Amma ba zan zauna a tebur ɗaya da su ba, ba kuma zan ɗauki jaririn da rabinsa Penhale ne in ce masa ga labarin kakanka ba. Ke ba yarinya ba ce, ba ni da igiyar ɗaure ki. In kin aure shi, Allah ya ba da zaman lafiya. Kujerata dai ki ba wani.”

Da faɗa Nana ta yi, da abin ya zo wa Shireen da sauƙi.

*

Nana ba ta koma Marree ba, don likitan ido ya ce ta jira a yi mata aiki. Suka ci gaba da zama tare, suna hirar komai ban da abu ɗaya.

Hamish ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya turo saƙo guda, ya ce ya yi kuskure, ba zai dame ta ba, amma yana nan inda ta bar shi. Daga nan ya yi shiru kamar yadda ya alkawarta, shirun kuma ya fi kiran ciwo.

Ran nan an tashi daga makaranta, ta tarar da Prue jingine da mota a bakin ƙofa.

“Na zo in ba ki haƙuri ne,” in ji Prue. “Ni wallahi da zuciya ɗaya na yi.”

“To.”

“Amma kin san wani lokacin gara abu ya fashe da wuri. Gidajen nan biyu ba za su taɓa haɗuwa ba. Kada ki damu da Hamish, zai warware. Na san shi tun muna wasan yashi a bakin teku, ina leƙa shi kullum.”

Shireen ta gyara jakar littattafan yara a kafaɗarta, ta dube ta da kyau. Sai ta ga ba mugunta ce kaɗai a fuskar ba, har da gajiyar wadda ta daɗe tana jira a ƙofar da ba a taɓa buɗe mata ba.

“Prue, tun kuna wasan yashi yake ganinki, ko?”

“Ƙwarai kuwa.”

“To da zai gan ki, ai da ya gan ki tuni.”

Ta wuce abinta.

*

Wata Laraba da ba ta da aji da rana, ƙafafunta suka kai ta gidan tarihin. Ba ta shirya zuwa ba.

Wurin shiru, sai wasu tsofaffi biyu da ke gardama a gaban kifayen da aka busar, da wata uwa da ɗanta ya manne hanci a gilashin macizai. Ta bi ta ɗakin jiragen ruwa na mutanen tsibirai, ta hau bene a hankali.

Akwai mace zaune a bencin da ke fuskantar sirdin, jakarta a cinya, bayanta a miƙe.

Judith ce.

Shireen ta yi niyyar juyawa, amma matar ta riga ta gan ta.

“Zauna mana. Bencin ba na gidanmu ba ne.”

Ta zauna a ɗaya ƙarshen.

“Ɗana ya daina zuwa cin abincin Lahadi,” in ji Judith daga bisani, idonta a kan gilashin. “Ya ce ba zai sake zama a teburina ba sai an sa sunan mutumin nan a wurin da ya dace. Ya zo nan ya ga masu kula da wurin har ya gaji. Sun ce a shirye suke, amma ni na kawo kayan, sai na zo da kaina na faɗi abin da na sani.”

Zuciyar Shireen ta buga. Ashe shirun da ya yi ba zama ya yi ba.

“Kin faɗa musu, Misis Arkell?”

“Kullum da niyyar haka nake zuwa. Sai in ƙare a bencin nan.”

Ta buɗe jakarta, ta rufe, ba ta ɗauki komai ba.

“A rumbun ulu na kakana sirdin yake rataye tun ina yarinya. Nakan sa a sauko min da shi in hau, in ce ni sarauniyar hamada ce. Wancan koren facin, da shi nake riƙewa. Nakan ce ko rigar wace ce? Har suna na raɗa mata, yarinyar. Ina ce mata Daisy, sunan fararen furannin da ke jikin ƙyallen.”

“Beryl ne sunanta.”

“Beryl,” Judith ta faɗa a hankali, muryarta ta karye. “Tana da rai duk tsawon shekarun nan, ina wasa da rigarta.”



“Kakan nawa mutum ne mai taurin kai. Bai taɓa cewa ya yi nadama ba, kada in yi miki ƙarya. Amma duk shekara sai ya shafa wa itacen mai da hannunsa, kuma ranar da wani ma’aikaci ya ce a ƙona tarkacen, a ranar ya bar aiki. Ban san me hakan yake nufi ba. Har gobe ban sani ba.” Ta juyo ta dubi Shireen, karon farko tun daren cin abincin nan. “Ba ƙin ki nake yi ba, yarinya. In na dube ki, shi nake gani da bindiga, alhali shi ne mai goya ni a wuya ya tsinko min lemo. Na ga ya fi min sauƙi ki tafi.”

“Ni ma na ga ya fi min sauƙi in tafi,” in ji Shireen. “Sai na tarar babu sauƙin.”

Judith ta yi ’yar dariya mai haɗe da hawaye.

“Prue kuwa na ce ta huta da zuwa gidana. Na so ta da shi, ban ɓoye ba. Amma wadda za ta iya yi wa tsohuwa haka don ta samu miji, ban san me za ta yi don ta riƙe shi ba.”

Ta miƙe, ta gyara rigarta.

“Ofishinsu yana ƙasa. Za ki raka ni? Ƙafafuna ba sa zuwa su kaɗai.”

Shireen ta tashi ta ba ta hannu.

*

Shawo kan Nana ya fi komai wuya.

“Ba inda za ni! In je in sake kallon kayan ubana ta bayan gilashi kamar kifi?”

“Ba gilashi, Nana. Sun ce za su fito da shi ki taɓa.”

Tsohuwar ta ɗago kai. An cire mata bandejin ido ke nan, tana ta ƙifta shi.

“In taɓa da hannuna?”

“Da hannunki.”

“Su waye za su zo?”

“Shi da mamarsa. Amma in kin ce kada su shigo, a waje za su tsaya.”

“Hm. Miƙo min jar hulata.”

Wani ɗaki aka kai su a ƙasan ginin, mai sanyi, cike da dogayen kantoci. Dakta Lim, matar da ke kula da sashen, ta tarbe su da fara’a. Sirdin yana kan wani faffaɗan tebur da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle. Ta ɗauko safar hannu za ta miƙa wa Nana, sai ta dubi fuskarta, ta mai da safar aljihu.

Nana ta ɗora tafinta a kan itacen.

Ta shafa shi tun daga gaba har baya. Ta sunkuya ta shinshina. Da ta zo kan koren facin sai ta tsaya, ta bi ɗinkin da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

“Dubi ɗinkin Mama. Kullum a karkace... Baba yakan ce ko makaho ya fi ta.”

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka, Shireen ta rungume ta ta baya.

Hamish da mahaifiyarsa suna bakin ƙofa, ba su shigo ba. Ya rame. Idonsa ya haɗu da na Shireen, ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji.

“Ke ce jikar Penhale?” in ji Nana ba tare da ta juya ba.

“Ni ce,” Judith ta amsa.

“Matso in gan ki, yanzu ina da sabon ido.”

Judith ta matso. Ta buɗe baki, maganar da ta shirya ta gudu.

“Misis Wahab, abin da aka yi wa mahaifinki zalunci ne. Mu kuma muka ɓoye sunansa. Ki yi haƙuri.”

Nana ta daɗe tana dubanta.

“Shireen ta ce kin hau shi kina yarinya.”

“Na hau.”

“Ta wane gefe kike hawa?”

“Ta... ta dama.”

“Shi ya sa ya lotsa! Ba a hawa ta nan. Ku Penhale ba abin da kuka iya.”

Judith ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka, sai ta haɗa duka biyun. Nana ta zaro hankicinta ta miƙa mata.

Dakta Lim ta yi gyaran murya, ta ce shawara tana hannun Nana. In tana so a bi hanyar mayar mata da shi gida, za a bi. In kuma ta bar shi, za a rubuta duk abin da ta ce a rubuta.

“In kai shi Marree in ajiye a ina? Ɓeraye su cinye? A’a. Ya zauna inda yaran makaranta za su gan shi. Amma ki rubuta Goolzar, da manyan baƙaƙe. Ki rubuta sunan Moti. Ki rubuta abin da ya faru a rijiyar, kada ki sa masa sukari.”

“Sunanmu fa?” in ji Judith. “In kina so a cire...”

“A bar shi. Wanda ya harba da wanda ya shafa mai, ai duk mutum ɗaya ne. Masu karatu su yi alƙalanci, ni na gaji.”

Sannan ta nuna Hamish da sanda.

“Kai, falwaya. Zo nan.”

Ya zo ya tsaya gabanta kamar ɗalibin da aka kira ofis.

“Laifin kakan mamarka ba naka ba ne, na yi tunani na gane. Naka laifin daban. Ka san abu ka rufe wa yarinyata.”

“Haka ne, Misis Wahab. Ba ni da abin kare kaina.”

“Za ka sake?”

“Ko zai raba ni da ita, zan faɗa mata.”

“To ni ba ni ka yi wa ba. Ga ta can, je ka ji da ita. Kuma Nana ake ce min, wace ce Misis Wahab?”

A barandar waje ya sami Shireen, tsakanin manyan akwatunan da ba a buɗe ba.

“Shireen...”

“Ka rame.”

“Abinci ba ya shiga.”

“Madalla. Ni ma haka.”

“Ki yafe min, rabin raina. Yau an yarda in faɗa?”

Ta sa hannu a aljihu ta fito da zoben. Duk rigar da ta saka tun ranar, sai ta mai da shi aljihunta.

“An yarda,” ta ce, ta miƙa masa yatsanta. “Amma a hankali. Har yanzu da sauran fushi.”

“Zan jira shi ya ƙare, ko shekara nawa ne.”

“Wawa kawai,” ta faɗa cikin kuka, ta kifa kanta a ƙirjinsa.

*

A Marree aka yi bikin, a ɗakin taron gari, da iska ta fara ɗumi. Dangin Nana suka zo daga Port Augusta da Alice Springs, aka girka manyan tukwanen miyar kori da gurasa, mutanen Adelaide suna ci suna share hawayen yaji suna neman ƙari. Judith ta ɗaura ƙyallen girki a ƙugu tun safe, Nana tana zaune a kujera tana ba ta umarni, tana cewa ko albasa ba ta iya yankawa ba.

Da aka saki kiɗa, Hamish ya miƙa wa amaryarsa hannu. Sai ga sanda ta gitta tsakaninsu.

“Ni ce farko,” in ji Nana. “Ke kina da sauran rayuwa.”

Shireen ta ja da baya tana dariya, ta tsaya kallonsu, dogo da gajeriya, suna juyawa a hankali a tsakiyar fili. Kan Nana bai ko kai ƙirjinsa ba. Can sai ta ga ya ɗan yamutsa fuska, ya cije leɓe, ya ci gaba da rawa.

Da waƙar ta ƙare ya dawo wajenta yana ɗingishi.

“Me ya same ka, angona?”

“Nana ce ta taka ni. Da dunduniya, da dukkan ƙarfinta.”

“Ayya! Kuskure ne, ka san ƙafarta...”

“Ba kuskure ba ne. Ta ce wannan na babanta ne, an biya, magana ta ƙare.”

Shireen ta waiwaya. Nana ta koma kujerarta kusa da Judith, ta ɗaga mata kofin shayi daga nesa, fuskarta fes kamar ba ita ba.

“Da zafi?”

“Sosai.”

“Za ka iya rawa?”

Ya jawo ta jikinsa, ya sa bakinsa kusa da kunnenta.

“Da ke? Ko da ƙafa ɗaya ce.”